Wa ke cinye mana kati?

Mu huɗu ne muke kula da ɗakin kwamfuta na makarantarmu a Jega, a shekarar da muke ajin ƙarshe na sakandare. Biyu 'yan cikin gari ne, ɗaya ɗan Aliero ne da ke zaune a gidan kawunsa, na huɗun kuwa ɗan Maiyama ne, kuma shi ke riƙe da makulli saboda ya fi kowa sammako. Mu ukun farko ne muke ba ku wannan labari. Kafin mu rubuta sai da muka nemi izinin na huɗun. Ya ce mu rubuta, amma kada mu kama suna, nasa ko namu ko na makarantar.

A lokacin kowa na cikin fargabar jarabawar JAMB. A 2013 hukumar ta fara shigo da jarabawa ta kwamfuta ga wanda ya zaɓa, a 2015 kuma ta yi sallama da takarda da fensir gaba ɗaya. Mu muna cikin na farko-farkon da sabon tsarin ya riska. A ajinmu akwai wanda lissafi ba ya ba shi wahala ko kaɗan, amma da zarar an miƙa masa linzamin kwamfuta sai hannunsa ya kama rawa. Wannan ne ya sa malaminmu na kwamfuta ya haɗa mu ƙungiya, mu 30, muna dawowa bayan an tashi muna gwaji. Kowa na ba da Naira 100 a wata. Kuɗin ba wasu masu yawa ba ne, amma mun san yadda wasunmu ke samo su. Wani dako yake yi a kasuwa, wani kuma ban ruwa yake yi wa mutane a fadama.

Da farko intanet ɗinmu na modem ne. Wataƙila wasunku ba su taɓa ganinsa ba. Ɗan abu ne da bai fi tsawon yatsa ba, ana zare murfinsa a sa layin waya a ciki, sannan a soka shi a jikin kwamfuta. Namu yana bayan babbar kwamfutar Malam, can ƙarƙashin tebur. Duk wata mukan saya masa data, kwamfuta ɗaya ce ke da intanet, mu kuma mu yi layi a bayanta. Ana nan sai ƙungiyar iyaye da malamai da wasu tsofaffin ɗalibai suka yi karo-karo, aka kafa mana eriya a kan dogon ƙarfe. Aka jawo kebul daga can zuwa wani ɗan akwati mai fitilu da ake kira rauta, daga rautar kuma aka raba waya zuwa kowace kwamfuta. Ranar da aka gama aikin kai ka ce sallah ake yi. Muka daina sayen data. Modem ɗin dai aka bar shi inda yake, domin da manhajarsa muke aika wa 'yan ƙungiya ko iyayensu saƙon tes idan an sauya ranar gwaji. Kati kawai muke sa masa.

Lissafin ba mai wuya ba ne. A lokacin tes ɗaya Naira 4 ne, mutum 30 kuma Naira 120 ke nan. Katin Naira 1,000 ya kamata ya kai mu aike takwas har da ɗan canji. Sai ga shi ya ƙare cikin kwana huɗu, bayan aike ɗaya tak. Muka ce ƙila kuskure aka samu, muka sake sa wani. Bai yi mako ba shi ma ya bi ɗan uwansa. Naira 2,000 sun tafi, kuɗin wata na mutum 20.

Ba mu tsaya dogon tunani ba. Wa ke da makulli? Wa ke aika saƙonnin? Wa aka gani da waya a 'yan kwanakin nan yana ta kira, alhali a da ba shi da ita? Duk amsoshin suka faɗa kan mutum ɗaya. Ɗayanmu ya ce ai ruwa ba ya tsami banza, sauran muka gyaɗa kai. Muka yanke cewa ko dai yana zare layin ya sa a wayarsa, ko kuma yana tura wa kansa kuɗin. Babu wanda ya gan shi yana yin ko ɗaya. Ba mu kuma ja shi gefe mun tambaye shi ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mana rai har yau. A gaban 'yan ƙungiya muka tayar da maganar, ranar da Malam ya tafi taro Birnin Kebbi.

Bai yi faɗa ba. Ya ce wayar tsohuwa ce baffansa ya ba shi, mahaifiyarsa kuma ba ta da lafiya, shi ya sa yake yawan kiran gida da katin da yake saya da kuɗinsa. Wani daga baya ya yi 'yar dariya. Sai ya ciro makullin daga aljihu, ya ajiye a kan tebur, ya ɗauki littattafansa ya fita. Washegari bai zo gwaji ba, jibi ma haka. Yana zuwa aji, amma ya koma kujerar baya. A cikinmu duka shi ya fi buƙatar ɗakin nan, domin ba shi da wani wuri da zai taɓa kwamfuta, ga jarabawa saura mako bakwai.

Da Malam ya dawo ya ji abin da ya faru, tambaya ɗaya ya yi mana: "Wa ya gani da idonsa?" Muka sunkuyar da kai. Ya kira yaron ya lallashe shi, amma ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ba zan iya zama ana kallona ba." Daga nan Malam ya riƙe makullin da kansa, ya sauya lambar sirrin tura kuɗi, ya sa katin Naira 500 daga aljihunsa. Kwana uku babu ko kwabo. Maimakon jikinmu ya yi sanyi, sai wani ya ce ai ƙila ya yanka wani makulli tun kafin ya mayar. Malam ya sayo sabon kwaɗo. Kuɗi suka sake tafiya. Muka kira kamfanin layin, matar da ta ɗauka ta duba ta ce data aka sha da su. Muka ce ba zai yiwu ba, mu da muke da kebul, kuma rabon da wani ya danna maɓallin haɗawa a manhajar modem tun ranar da aka kafa eriya. Muka ajiye waya muna cewa kamfanin ne ke cutarmu. Ita ta faɗa mana gaskiya, mu ne ba mu da kunnen ji.

Yayan abokinmu ɗan Aliero yana karatun kwamfuta a jami'ar kimiyya da fasaha ta garin, wadda aka kafa a 2006. Ranar Asabar muka shiga mota muka nufi wurinsa. Kakar albasa ce, buhuna jere a bakin hanya ana lodi, warinta har cikin ido. Muka same shi a ƙofar gida muka zayyana masa komai, muna sa ran ya faɗa mana sunan ɓarawon nan take. Sai ya ce mu nuna masa inda muka rubuta ranakun da kuɗin suka ɓata da nawa-nawa. Babu. Ya ce da wace sa'a suke tafiya, da safe ko da yamma? Ba mu sani ba.

Muka ce, "Yaya, kai me kake zato?"

Ya ce, "Ina da zato, amma zato ne ya kai ku inda kuke yanzu. Kun san masu ɗorin garin nan da ake zuwa wurinsu daga nesa. Kun taɓa ganin mai ɗori ya ja ƙafa kafin ya shafa ya ji inda ƙashi ya goce?"

Ya ba mu sharaɗi uku. Mu rubuta duk abin da muka gani, ko da muna ganin ba shi da alaƙa da maganar. In za mu sauya wani abu, mu sauya guda ɗaya kawai mu ga sakamakonsa kafin mu taɓa na biyu. Kuma kada mu ce mun gano matsala sai mun iya sa ta faru da hannunmu, a lokacin da muka ga dama.

Muka sayi ɗan littafi muka ja layuka: rana, kuɗin da ke layin lokacin buɗe ɗaki, kuɗin lokacin rufewa, wanda ya zauna a babbar kwamfuta, da duk wani abin da ya faru. Ranar Litinin muka sa Naira 300. Aka wuni da wuta, muka tashi da Naira 300. Ranar Talata ana tsakiyar gwaji aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta, muka ci gaba. Da za mu rufe, layin ya koma fanko. Muka ce to, janareta ne. Ranar Laraba muka sa Naira 200. Babu wuta tun safe, da janareta muka fara har muka gama, amma ko kwabo bai ragu ba. Ashe ba janareta ba ne. Ranar Alhamis da muka buɗe ɗaki sai muka tarar da Naira 150. Hamsin ta tafi cikin dare, alhali komai a kashe yake, ɗaki kuma a kulle. Muka rubuta, ba mu san me za mu ce a kai ba.

A wannan Alhamis ɗin aka sake ɗauke wuta ana cikin aiki. Duk kwamfutoci suka mutu, ban da babbar ta Malam, domin ita kaɗai ke da akwatin batirin ko-ta-kwana da ake kira UPS. Kafin a je a tayar da janareta, biron ƙaramin cikinmu ya faɗi ƙarƙashin tebur, ya duƙa ɗauka. Sai muka ji ya ce, "Ku zo ku gani." A cikin duhun nan wata 'yar fitila shuɗiya ce a jikin modem ta tsaya cak. Kullum mun saba ganinta tana ƙiftawa. A irin waɗannan modem ɗin, ƙiftawa na nufin ya ga sabis yana jira, tsayawa cak kuma na nufin ya haɗu da intanet. Babu wanda ya danna komai. Malam ya miƙa hannu ya zare shi. Da aka duba, saura Naira 90. Muka koma littafi: Talata da Alhamis, ranaku biyun da aka ɗauke wuta babbar kwamfuta tana kunne.

Ranar Asabar Yaya ya zo a kan kabu-kabu. Ya karanta littafin daga farko har ƙarshe kafin ya taɓa komai. Sannan ya ce don mu fahimci abin da ke faruwa sai mun san yadda ake shiga intanet kafin a haife mu.

A shekarun 1990, a Amurka da Turai da ma ofisoshin da ke da layin NITEL a nan gida, intanet ta wayar tarho ake shiga. Kwamfuta ce ke buga lamba kamar yadda mutum ke kiran ɗan uwansa, a ji wani ƙara kamar kukan gyare, sannan a haɗu. Iyakar gudun abin kilobit 56 ne a daƙiƙa, wanda hoto ɗaya na wayar zamani zai ɗauki mintuna kafin ya sauka. Muddin ana kan intanet layin gidan a toshe yake, kuɗin kira kuma na tafiya. Shi ya sa ba a barin intanet a kunne, sai ana buƙata a buga, in an gama a katse. Don sauƙaƙa wa mutane, masu Windows suka sa wani tsari da kwamfuta za ta riƙa buga lambar da kanta idan wata manhaja ta nemi intanet. Daga baya wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a watan Agustan 2001, aka yi ta samun ci gaba, har a 2010 manyan wayoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 suka fara aiki a Legas. Amma tsohon tsarin bai mutu ba. Modem irin namu, duk da layin salula ne a cikinsa, a wurin Windows tamkar tsohon tarhon nan yake. Har lamba yake bugawa, *99#, sai dai babu ƙarar da za ta tona masa asiri.

Yaya ya shiga Control Panel na Windows 7 da ke kan kwamfutar, ya buɗe Internet Options, ya danna Connections. Ga sunan modem ɗinmu a zaune, a ƙarƙashinsa kuma zaɓi uku. Na farko yana cewa kada a taɓa buga lamba. Na biyu yana cewa a buga duk lokacin da babu wata hanyar sadarwa. Na uku yana cewa a riƙa bugawa kullum. Ɗigon yana kan na biyu. Malam ya dafa kai ya ce shi ya sa shi da hannunsa tun zamanin da modem ne kaɗai hanyarmu, har ya amince wa kwamfutar ta riƙa haɗawa ba tare da ta tambaya ba, don kada yara su riƙa kiransa duk lokacin da sabis ya yanke. A wancan lokaci dabara ce mai kyau. Da aka kawo kebul babu wanda ya tuna da ita.

Daga nan komai ya fito fili. In an ɗauke wuta rauta na mutuwa, domin ba ta kan batiri. Babbar kwamfuta tana nan da rai, ta duba ta ga babu hanya, ga manhajar riga-kafin ƙwayar cuta da ta sabunta Windows suna neman intanet, sai ta bi umarnin da aka ba ta tun bara, ta buga lamba. In janareta ya tashi rauta ta dawo, ba ta katse kiran, domin babu wanda ya ce ta katse, kuma Windows kan fifita hanyar da aka buga a kan ta kebul muddin tana haɗe. Mu muna ta aiki muna zaton a kan kebul muke. Tunda kuma mun daina sayen data, daga cikin kati kai tsaye ake cire kuɗin, a farashin da ya fi na data mai tsari tsada nesa ba kusa ba. Ranar Laraba da muka fara da janareta, rauta ta riga babbar kwamfuta tashi kuma ba ta mutu ba har muka rufe, shi ya sa ba a taɓa kuɗin ba.

Yaya bai yarda mu gyara nan take ba. Ya ce saura sharaɗi na uku. Aka mayar da modem, ɗayanmu ya zare wa rauta wuta da hannunsa, muka buɗe shafin intanet, muka duƙa mu duka muna kallo. Ba a yi minti ɗaya ba fitila ta tsaya cak. Muka katse da sauri. Sai ya mayar da ɗigon kan zaɓin farko, inda aka rubuta Never dial a connection, muka sake zare wa rauta wuta. Fitila ta yi ta ƙiftawa har muka gaji da duƙo. Bayan wannan ya jona rauta da wutar eriya a jikin UPS, ya kuma ce duk ranar da ba a aika tes a zare modem a sa a aljihun tebur.

Saura Naira 50 ɗin da ta ɓata cikin dare. Kwamfutar da ke kashe ba ta buga lamba, saboda haka wannan wata ƙofa ce daban. Yaya ya buɗe akwatin saƙonni na manhajar modem, ya yi ta gangarawa ƙasa. Sai ga jerin saƙonnin labarin ƙwallo, ga kuma sanarwar cewa an sabunta rajista, Naira 50 duk mako. Ɗakin ya yi tsit. Can ɗaya daga cikinmu mu uku ya ce shi ne. Watanni da suka wuce ya amsa wani saƙon talla don ya ga sakamakon wasa, ya manta. A duk wannan rigima, mutumin da hannunsa ya taɓa kuɗin ƙungiya yana cikin waɗanda suka tsaya a gaban jama'a suna nuna wani da yatsa.

Washegari Lahadi muka kama hanyar Maiyama, domin abokinmu ya tafi gida duba mahaifiyarsa. A mota babu mai magana. Mahaifinsa ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo ruwa, muka gaisa muka tambayi mai jiki. Sannan muka faɗi abin da ya kawo mu, muka miƙa littafin. Abokinmu ya karɓa yana dubawa, bai ɗago kai ba. Dattijon ya saurare mu har muka gama.

Ya ce, "A ina kunka ce ya yi sata?"

Muka ce, "A gaban 'yan ƙungiya, Baba."

Ya ce, "To nan zaure ne, mu biyar ne. Ni na yafe, shi ma na san zai yafe. Amma ku koma inda kunka zubar ku kwashe."

Ranar Litinin muka tsaya a gaban mutum 30 ɗin nan. Muka karanta littafin, muka zare wa rauta wuta muka nuna musu yadda abin yake faruwa da yadda aka toshe shi. Wanda ya yi rajistar labarin ƙwallo ya faɗa da bakinsa, ya biya abin da aka lissafa. Sannan muka ce mun yi wa ɗan uwanmu ƙazafi, muna neman gafararsa a gaban kowa. Ya ce ya yafe. Ya dawo gwaji a ranar, amma da Malam ya miƙa masa makulli ya ce a ba wani. Mako uku ya rasa cikin bakwai. A shekarar makinsa bai kai na kwas ɗin da yake so ba, sai a shekara ta gaba ya samu. Ba za mu iya rantsuwa cewa mako ukun nan ne sanadi ba. Ba kuma za mu iya rantsuwa cewa ba su ba ne. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, mun gani a kanmu.

Ƙannenmu, ƙila ku ce wannan labarin tsohon zamani ne. Gaskiya ne modem irin namu ya yi ƙaranci, har kamfanin AOL na Amurka, wanda ya yi suna da intanet ta wayar tarho, ya rufe wannan hidima a ƙarshen Satumban 2025. Amma halin nan na na'ura ta koma tsohuwar hanya ba tare da ta yi sallama ba yana nan a cikin wayar da ke gidanku. Kana kan Wi-Fi na makaranta ko na shago, a ɗauke wuta ko ka matsa bayan gini, waya ta koma kan datar layinka kana ci gaba da kallon bidiyo ba ka sani ba. A iPhone akwai tsarin da ake kira Wi-Fi Assist mai yin haka ko da Wi-Fi ɗin rauni kawai ya yi, wayoyin Android da yawa ma suna da irinsa da sunaye daban-daban. Wasu wayoyi masu layi biyu kuma sukan tsallaka zuwa ɗaya layin in sabis ɗin na farko ya yi ƙasa, ƙila kuma wancan ba shi da data, kati ne a ciki. Mun san gidajen da aka zagi ƙane ko aka hana yarinya taɓa wayar mahaifiyarta a kan irin wannan.

In kuɗi ko data suna ɓacewa a wayar gidanku, ku fara da abin da muka yi a ƙarshe. Ku rubuta abin da ke layin da safe da dare na 'yan kwanaki, da abin da aka yi da wayar. Tun 2023 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta daidaita lambobin kowane layi: *310# na duba kuɗi, *323# na duba data, *305# kuma na dakatar da irin rajistar nan ta labarin ƙwallo da waƙar kira. Ku shiga saitin waya wajen amfani da data, za ku ga jerin manhajoji da abin da kowace ta sha. In kuna kan Wi-Fi ku kashe datar layi gaba ɗaya, in ya yanke za ku sani nan take. A Play Store ku zaɓi kada a sabunta manhajoji sai a kan Wi-Fi, a WhatsApp kuma ku hana hotuna da bidiyo sauka da kansu. Wanda ke jona laftof da datar wayarsa ya sani cewa laftof ɗin ɗauka yake intanet ɗin kyauta ne, zai iya fara sauke sabuntawa mai nauyi. A Windows 10 da 11 akwai wurin da ake gaya masa cewa wannan hanya a ƙidaye take, sunansa Metered connection. In kun yi duk wannan ba ku gane ba, ku kira 300 ku yi magana da kamfanin layinku, ku kuma saurari abin da za a faɗa muku fiye da yadda muka saurara. In ba a warware ba, lambar kai ƙara ga NCC ita ce 622, kuma kyauta ce.

Masu kula da ɗakin kwamfuta a makarantu, duk ranar da aka kawo muku sabuwar hanyar intanet, ku tambayi mai haɗawa ina aka baro tsohuwar, an kashe ta ko tana nan tana jira. Wannan ɗaki zai ƙara muhimmanci gare ku, domin bayan JAMB, hukumar WAEC ma ta fara jarabawa ta kwamfuta a 2024 da masu rubutawa daga waje. Kada rigimar Naira 1,000 ta hana wani zama a gaban kwamfuta.

Littafin nan yana wurin ɗayanmu har yanzu, bangonsa ya yage. Da muka kira abokinmu na Maiyama neman izinin wannan rubutu, ya yi dariya ya ce mu tabbata mun sa maganar Naira 50. Ga ta mun sa. Allah Ya ba ku sa'ar jarabawa, Ya kuma kiyaye bakunanmu daga abin da idanunmu ba su gani ba.